3.4 Raunin Hanji da Hanyoyin Gano Shi ga Masu Shan Magungunan Danne Garkuwar Jiki

3.4.1 Shimfiɗa

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda garkuwar jiki take yaƙar duk wata gaɓa da aka dasa wa mutum daga jikin wani. A wannan sashe kuwa za a dubi ɓarnar da magungunan danne wannan garkuwa suke yi wa hanji, da kuma hanyoyin da likitoci suke bi wajen gano ta. Za a fi mayar da hankali ga waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, domin su ne suke shan irin waɗannan magunguna muddin ƙodar tana aiki.

Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara an yi shi ne a birnin Boston na Amurka a shekarar 1954, tsakanin wasu tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda jikinsu bai bukaci maganin danne garkuwa ba. Sauran mutane kuwa dole ne su sha. A Nijeriya an fara wannan aiki a Legas a shekarar 2000, sannan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi sahu a 2002. Saboda haka irin waɗannan majinyata suna nan a ƙasar Hausa.

3.4.2 Yadda Raunin Yake Aukuwa

Ana iya kasa musabbabin raunin gida biyu. Na farko shi ne gubar maganin kansa. Misali mafi shahara shi ne maikofenolet, wanda aka amince da amfani da shi a Amurka a shekarar 1995 da sunan CellCept. Aikinsa shi ne hana wasu fararen ƙwayoyin jini hayayyafa. To amma ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon hanji ta ciki su ma masu saurin hayayyafa ne, domin sukan sabunta kansu cikin kwana 3 zuwa 5. Don haka maganin yakan shafe su, su riƙa mutuwa, sai gudawa da ciwon ciki da rama su biyo baya.

Na biyu shi ne cututtukan da suke samun ƙofa idan garkuwa ta raunana. Daga cikinsu akwai bairos ɗin CMV, wanda yakan kwanta a jikin mutane da yawa ba tare da ya cuce su ba, amma idan ya farka yakan yi wa hanji gyambo, har ya zubar da jini ko ya huje. Akwai kuma ƙwayar kulostiridiyam, mai bunƙasa bayan an sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da tarin fuka na hanji, da wata siririyar tsutsar ciki mai suna sitironjiloidis, wadda take da yawa a ƙasashe masu zafi, kuma takan bazu a jiki idan ana shan firedinisolon.

3.4.3 Abin da Ya Sa Ganowa Take da Wuya

Matsalar ita ce dukkan waɗannan musabbabai kusan alama ɗaya suke nunawa, wato gudawa, alhali kuwa maganinsu ya sha bamban. Idan likita ya ɗora laifi a kan maikofenolet ya rage shi ba bisa hujja ba, jiki yana iya juya wa ƙodar baya a rasa ta. Idan kuma ya bar CMV ba tare da magani ba, hanji yana iya hujewa.

Haka kuma, firedinisolon yakan ɓoye alamun haɗari. Mutumin da hanjinsa ya huje yakan yi zazzaɓi, cikinsa ya ƙage ya ƙi taɓuwa, amma mai shan wannan magani yana iya zuwa asibiti da ɗan ciwon ciki kawai. Bugu da ƙari, gudawa takan ƙarar da ruwan jiki, takan kuma sa maganin takrolimus ya hauhawa a cikin jini, kuma duka biyun suna yi wa ƙodar da aka dasa lahani. Wannan ya nuna cewa majinyacin da ya ɗauki abin a matsayin gudawar yau da kullum, ya je kyamis ya sayi magani, yana jefa ƙodarsa da ransa cikin haɗari.

3.4.4 Matakan Bincike

Likitoci sukan bi waɗannan matakai daki-daki:

(a) Tambayar majinyaci lokacin da ciwon ya fara, da dukkan magungunan da yake sha, har da na gargajiya.

(b) Gwajin bayan gida domin neman ƙwayoyin cuta da tsutsotsi da gubar kulostiridiyam.

(c) Gwajin jini domin auna aikin ƙoda, da yawan takrolimus, da adadin CMV. Sai dai rashin ganin CMV a jini ba ya kore samuwarsa a hanji.

(d) Hoton ciki na siti sikan, musamman idan ana zargin hujewa.

(e) Leƙa babban hanji da na'ura mai kyamara, tare da tsinko 'yar tsoka daga wurare daban-daban.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Sau da yawa hanjin da maikofenolet ya raunata yakan bayyana lafiya lau a ido, sai an sa tsokar a ƙarƙashin madubin likita sannan a ga matattun ƙwayoyi a cikin ƙananan ramukan bangonsa. Wannan kamanni yakan yi kusa da na cutar Kuron mai kumbura hanji, don haka wajibi ne a sanar da mai duba tsokar irin maganin da majinyacin yake sha. CMV kuwa ana gane shi ta wasu manyan ƙwayoyi masu kama da idon mujiya.

3.4.5 Naɗewa

Bisa ga bayanan da suka gabata, ana ɗora wa magani laifi ne bayan an kore yiwuwar ƙwayoyin cuta. Idan an tabbatar maikofenolet ne, akan rage shi ko a musanya shi da azatiyofirin a ƙarƙashin kulawar likitan ƙoda. Idan CMV ne akan ba da gansikulobir. Idan tsutsar ce akan ba da aibamektin. Sashe na gaba zai dubi yadda ake bibiyar majinyaci bayan an sauya masa magani.