Ruwan Da Ke Ɓoye A Ƙarƙashin Ƙanƙara

A can ƙarshen duniya ta kudu, wato Antatika, akwai wani tafki da ake kira Bostok, wanda ƙanƙara mai kaurin kusan kilomita 4 ta rufe shi ruf. Tsawonsa ya kai kilomita 250, wato ya ɗara tafiyar Kaduna zuwa Kano. Abin da ya hana shi daskarewa shi ne ɗumin da ke tasowa daga cikin ƙasa, ga kuma nauyin ƙanƙarar da ta danne shi.

To, masana sun ce akwai irin wannan a sararin sama. Yurofa, ɗaya daga cikin watannin Mushtari, yana da teku a ƙarƙashin ƙanƙara, kuma ana kyautata zaton ruwansa ya ninka na tekunan duniyarmu. Haka nan a 2005 kumbon Kasini ya ga ruwa yana feshi daga Enseladus, wani ƙaramin wata na Zuhal.

Amma fa akwai bambanci. Ruwan Bostok ba na gishiri ba ne, na waɗannan watanni kuwa mai gishiri ne. Ɗuminsu kuma daga jan da uwayensu ke yi musu yake fitowa, suna matsa su suna saki kamar ana murza ƙullu.

Shin rai zai iya zama inda rana ba ta leƙawa? A 2013 Amurkawa suka huda ƙanƙara mita 800 da ruwan zafi, suka ɗebo ruwan tafkin Wilans, suka sami ƙananan halittu kusan iri 4,000 masu ci daga laka da duwatsu. Sai dai kakanninsu 'yan duniyarmu ne, saboda haka wannan bai tabbatar da akwai rai a Yurofa ba.

Babbar matsala ita ce tsabta. Lokacin da Rashawa suka kai ga Bostok a 2012, kananzir ɗin da suka zuba a ramin ya gauraya da ruwan da suka ɗebo, aka yi ta gardama a kan sakamakon. Mai ɗiba da guga mai dauɗa ba zai san ainihin ruwan rijiya ba. Shi ya sa a 2017 aka jefa Kasini cikin Zuhal da gangan, don kada ya kai ƙwayoyinmu Enseladus.

Kumbon da Amurka ta harba zuwa Yurofa a 2024 ana sa ran isarsa a 2030. Allah Ya kai mu.