Daga Gandoki zuwa wayar hannu: Yadda masoyan labaran almara suka zama kasuwar da hukuma ba ta gani

Sabon Layi ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, a garin da ke ɗauke da manyan makarantu da suka haɗa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002. A duk garin da ɗalibai suka yi yawa a Arewa, akwai sana'ar da ke bunƙasa ba tare da talla ba, wato shagon cajin waya da tura fina-finai. Da ɗan kuɗi kaɗan matashi zai cika wayarsa da fassarar fina-finan Indiya da na Turkiyya, da shirye-shiryen China da Koriya masu dogon zango, da littattafan da ake karantawa da murya.

Abin da ya shiga waya ɗaya da safe, kafin magariba ya zaga ɗakin kwanan ɗalibai. Wanda ya kalla shi ne ke yi wa abokinsa talla, shi ne ke bayyana masa abin da bai gane ba, shi ne kuma ke jayayya da shi a kan wane jarumi ya fi wani. Wannan zumuncin na masoya labari shi ne babbar hanyar da almara ke bi a yau, kuma duk jami'in da aikinsa ya shafi al'adu ko ilimi ko yaɗa labarai yana da buƙatar ya fahimci yadda take aiki.

Ƙishirwar ba sabuwa ba ce

Sha'awar Bahaushe ga labarin aljanu da yaƙi da tafiya mai nisa ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da littattafan da har yau ake karantawa a makarantu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam labarin neman ruwa ne mai magani a wata ƙasa mai nisa. Gandoki na Bello Kagara ya haɗa tarihin yaƙi da Turawa da shiga duniyar aljanu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firaministan Najeriya, labarin tarihi ne a kan bauta da fataucin Sahara. A 1969 kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki wani yaro zuwa sararin samaniya, littafin da ake lissafawa cikin labaran kimiyya na farko da Hausa.

Daga ƙarshen shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya buɗe sabon babi. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun samu masu karatu ta hanyar shagunan haya da aron littafi tsakanin ƙawaye, da kuma gidajen rediyon da ke karanta littattafan a kan iska. Masu rubuta labaran yaƙi da sihiri, irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sun tara nasu mabiyan cikin samari. Tun wancan lokacin mai karatu ne ke ɗaukar littafi ya kai wa ɗan uwansa. Abin da waya ta ƙara shi ne sauri, da kuma kawar da iyakar ƙasa.

Ƙarfin masoya a wasu ƙasashe

A Amurka an daɗe da sanin cewa masu kallo suna iya juya akalar kamfani. Shirin Star Trek, wanda ke ba da labarin matafiya a sararin samaniya, ya fara fita a 1966, kuma a 1968 ɗimbin wasiƙun masu kallo sun taimaka wajen hana a dakatar da shi. Bayan an daina shirin, masoyansa suka ci gaba da rubuta nasu labaran a kan jarumansa suna bugawa a ƙananan mujallu. A shekarun 1970 wasu daga cikin marubutan, waɗanda akasarinsu mata ne, suka fara rubuta labaran da ke mayar da abotar manyan jaruman biyu, Kirk da Spock, ta zama soyayya. Daga nan wani reshe na rubutun masoya ya tsiro, wanda ya shafi soyayyar jinsi ɗaya. Sai a 2017 kamfanin da kansa ya sanya irin waɗannan masoya cikin manyan jaruman sabon shirinsa na talabijin, Star Trek: Discovery.

A fagen littattafan tarihi ma haka abin yake. Marubuciyar Ingila Mary Renault, wadda ta yi yawancin rayuwarta ta rubutu a Afirka ta Kudu, ta fitar da The Persian Boy a 1972, labarin Sarki Alekzanda na tsohuwar daular Girka daga bakin wani hadiminsa da ke ƙaunarsa. Littafin Madeline Miller mai suna The Song of Achilles ya fito a 2011, ya ci lambar Orange a 2012, sannan bayan kusan shekara 10 ya sake shiga sahun littattafan da aka fi saye, saboda matasan da suka riƙa yaba shi a TikTok. Babu wani kamfanin talla da ya tsara wannan dawowar.

Darasin China

Ƙasar da ta fi gwada ƙarfin hukuma a kan irin wannan adabin ita ce China. A can akwai babban fagen rubutu da ake kira danmei, labaran soyayya tsakanin maza da ake ginawa a duniyar takobi da sihiri da tsofaffin dauloli, waɗanda mata suka fi rubutawa da karantawa. A 2018 wata kotu a lardin Anhui ta yanke wa wata marubuciya mai laƙabin Tianyi ɗaurin shekara 10 bisa laifin sayar da rubutun batsa. A 2020 aka toshe Archive of Our Own, babban rumbun rubutun masoya na duniya, a cikin ƙasar.

Duk da haka, shirin The Untamed mai kashi 50, wanda aka ɗauko daga wani littafin danmei aka fitar a 2019, ya zama ɗaya daga cikin shirye-shiryen China da suka fi shahara a waje. Masu shirya shi sun mayar da soyayyar da ke cikin littafin ta zama amincin abokai don su tsallake masu tacewa, masoyan littafin kuma suka fassara asalin labarin zuwa harsuna daban-daban da kansu, kafin a sami fassarar da aka buga a hukumance. Mai kallo a Mubi ko Gusau zai iya ganin shirin daga farko har ƙarshe a matsayin labarin jarumta da riƙon amana, wani kuma da ya san tushensa ya kalle shi da wata fuska.

Inda dokar Najeriya ta tsaya

Matsayin Najeriya a kan auren jinsi a bayyane yake. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsa ko nuna irin wannan alaƙa a bainar jama'a. Malaman Musulunci da na Kirista da dama sun goyi bayanta, yayin da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka soke ta da cewa ta buɗe ƙofar cin zarafi da karɓar kuɗi ta hanyar barazana. Dokar ba ta ambaci karanta littafi ba.

Marubutan Najeriya ma sun taɓa batun. Jude Dibia ya fitar da Walking with Shadows a 2005, Chinelo Okparanta kuma ta gina Under the Udala Trees, na 2015, a kan zamanin yaƙin basasa. Lokacin da aka shirya fim ɗin Ife a 2020, Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ta yi gargaɗi, sai masu fim ɗin suka sake shi ta intanet ba tare da ya bi ta gidajen sinima ba.

Kano ta riga kowa ɗanɗana wannan darasin. Jihar ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001, kuma a 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau da shirin A Daidaita Sahu, an ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. Rubutun bai tsaya ba. Cikin 'yan shekaru ya koma WhatsApp da Wattpad da YouTube, inda babu edita, babu alamar shekarun da suka dace da karatu, marubucin ma sau da yawa ba a san sunansa na gaskiya ba. An tsoratar da wanda ke bugawa a fili, aka bar fagen ga wanda ba a gani.

Abin da Abuja za ta iya yi

Damuwar iyaye a kan abin da 'ya'yansu ke gani a waya damuwa ce ta gaskiya, kuma hukuma na da hurumin amsa ta. Hanyar da ke hannunta ita ce tsarin nuna shekarun da suka dace da kowane shiri, da wayar da kan iyaye da malamai, da jawo masu shagunan tura fina-finai cikin tsarin, tunda su ne suka san abin da ke yawo. Farautar masu karatu kuwa, ko bincika wayar ɗalibi a bakin hanya, ba ta kare yaro ko ɗaya, tana dai jefa wanda aka zarga cikin haɗarin fushin jama'a, ko da zargin ba shi da tushe.

Akwai kuma aikin da ya fi wannan girma. Abin da ke jan matasa zuwa waɗannan labaran, ko wane jigo suka ɗauka, shi ne duniya da aka gina da kyau, da jarumai masu rauni da ƙarfi, da damar samun abokan hira. Yankin Mubi kaɗai yana da kayan da za su cika littattafai masu yawa. Ya ga mulkin Jamus, sannan na Ingila a matsayin yankin amana, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 da ta shigar da Arewacin Kamaru cikin Najeriya, Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. A Madagali akwai littafin da Hamman Yaji ya riƙa rubuta al'amuransa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, akwai kuma tsaunin Sukur, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, na farko a Najeriya. Mutanen garin sun ga mamayar Boko Haram a Oktoban 2014 da dawowarsu gida bayan an ƙwato shi.

Wasu 'yan Najeriya sun nuna cewa labarin gida yana da kasuwa. Nnedi Okorafor ta ci lambar Hugo a 2016 da littafinta Binti, kamfanin Kugali kuma ya haɗa gwiwa da Disney suka fitar da Iwaju a 2024, labarin Legas ta nan gaba. A ɓangaren Hausa, gasar Hikayata da BBC ta fara a 2016 ta fito da marubuta mata da dama. Gasar 1933 da ta ba mu Gandoki hukuma ce ta shirya ta. Yau akwai ma'aikatar tarayya mai kula da al'adu da tattalin arzikin fasaha, da aka kafa a 2023, amma ginin hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa a Abuja, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, ya shafe shekaru masu yawa ba a kammala ba. Gasa ta shekara-shekara a kan labaran tarihi da na kimiyya cikin harsunan gida, mai kyauta mai tsoka da alƙawarin bugawa da karantawa a rediyo, ba za ta ci kuɗin da ya kai na taron bita guda a babban otal ba. Rarraba labaran kuwa, masoya sun riga sun iya.