Ciyawar Bakin Kogi Ma Tana Juya Ruwa

Da rani, idan ka tsaya a gadar da ke kan hanyar Yakowa, wadda ke kai mutum Kamazou daga cikin garin Kaduna, za ka ga Kogin Kaduna ya janye ya bar tsibiran yashi, ciyawa ta fara kama su. Yawanci muna ɗauka ruwa shi kaɗai ke sara wa kansa hanya, alhali ciyawar nan ma da hannunta a ciki.

Ruwa mai gudu yana tafe da laka da yashi. Da zarar ya shiga cikin ciyawa sai gudunsa ya ragu, abin da ya ɗauko ya kwanta a gindinta. Saiwa ta ɗaure shi, wurin ya yi tudu, wata ciyawar ta hau kai. Ruwan kuwa sai ya karkata inda babu ciyawa, ya ƙara ƙarfi, ya dinga cin gaɓar can. Shi ya sa gonar wani take ƙaruwa a wannan tsallake, ta wani tana zaftarewa a wancan.

Sa'ar Kogin Kaduna ita ce duk damina yana cika ya tumɓuke abin da ya tsiro a tsakiyarsa. Kogin Haɗeja ya rasa wannan. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ya daina ƙafewa da rani, cikar damina kuma ta rage ƙarfi. Ciyawar kachala, mai son ruwa marar zurfi da ba ya yankewa, ta samu wurin zama. Ta tara laka, ta toshe tsoffin hanyoyin ruwa, ruwan ya karkata ta mashigar Marma ya nufi Nguru. Wasu gonakinsu suka nutse, wasu suka rasa ruwan da za su ba gonakinsu, masunta suka rasa inda za su tura kwalekwale. Tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa kuma suka samu mafaka.

A ganina, abin tsoro a Kamazou ya fi yawa a ƙananan rafuka, inda shara da takin zamani ke ƙosar da ciyawa har ta cushe hanya. Masu lambu da masu ɗibar yashi, ku bar ciyawar gaɓa ta riƙe muku ƙasa. Ta tsakiyar rafi kuwa, unguwa ta yi gayya ta cire ta kafin ruwan farko.