Garin "Sitem Sel" Ba Ya Haifar da Jini

Na gaji da ganin tallar nan a WhatsApp: ɗan ƙullin gari mai suna "sitem sel", wai daga tuffa da inabi aka tace shi, wai yana sabunta jini har ya warkar da sikila. Abin takaici, iyayen yara masu sikila ne ake tatsa.

Ainihin sitem sel na jini, wato iyayen ƙwayoyin jini, a cikin ɓargo suke zaune. Ba su da yawa, kuma a madubin likita da ƙyar ake bambanta su da wasu fararen ƙwayoyi. Abin da ya tona asirinsu shi ne antibodi, sinadarin garkuwar jiki mai kama abu ɗaya tak ya ƙyale saura. A 1975 Georges Köhler da César Milstein suka gano a Ingila yadda za a ƙera iri guda da yawa. A 1984 Curt Civin na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya bayyana wani antibodi da ke manne wa wata alama a jikin waɗannan ƙwayoyi, wadda yau ake kira CD34. Ana haɗa shi da rini mai ƙyalli, na'ura ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. 

To, kafin dashen ɓargo, likitoci kan nemi aƙalla ƙwaya miliyan 2 masu CD34 ga kowane kilo na nauyin majinyaci. Ƙwayoyi rayayyu, na ɗan Adam, daga wanda jininsa ya dace, kuma ta jijiya ake ɗura su. Irin wannan dashe ne aka fara yi wa mai sikila a Najeriya a 2011, a birnin Benin. Ina garin tuffa a nan? Busasshe ne, na tsiro ne, ciki kuma narkar da shi zai yi kamar tuwo.

Don Allah, in mai talla ya zo, ku tambaye shi wa ya ƙirga ƙwayoyin, da wace na'ura, kafin sha da bayan sha. Kada a dakatar wa yaro da magungunan asibiti saboda garin nan. A ba shi ruwa sosai, a kwantar da shi cikin gidan sauro, zazzaɓi ya taso a garzaya asibiti a ranar. Kuɗin ƙullin kuwa, a kai wa likitan jini ya duba ko yaron ya cancanci maganin hydroxyurea.