Bindigar Farauta Ta Farko: Abin Da Bidiyon TikTok Ba Ya Faɗa Wa Matasan Gwarzo Da Kabo

Da zarar an kawar da amfanin gona, hunturu ya kankama, sai harkar farauta ta motsa a ƙauyukan yammacin Kano. A Unguwar Tudu, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gwarzo, da maƙwabtanta na ɓangaren Kabo, tsarin bai sauya sosai ba: karnuka, gora, adda, sai bindigar toka a kafaɗar manya. Abin da ya sauya shi ne wayar da ke aljihun yaran da ke biye da su. A YouTube da TikTok suna kallon maharban Amurka da Afirka ta Kudu riƙe da doguwar bindiga mai madubin hangen nesa, ana kayar da barewa daga can nesa, sai tambaya ta biyo baya: wacce ya kamata mai koyo ya fara saya, Remington ko Ruger ko Tikka?

A can, tambayar na da ma'ana. A nan akwai tambayoyi biyu da suka riga ta: wace bindiga ce ta dace da wannan ƙasar, kuma wacce ce doka ta yarda a riƙe?

Bindigar da ake gani a waɗannan bidiyoyi ita ce raifil. An yi wa cikin bututunta tsaga mai murɗewa, wadda ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa, shi ya sa yake tafiya nesa bai karkace ba. Amfaninta ke nan, kuma haɗarinta ke nan. Ko ƙaramar cikinsu, mai lamba .22, wadda ake ba masu koyo a ƙasashen waje, harsashinta na iya wuce kilomita ɗaya da rabi idan ya kuskure abin da aka auna. To a tsakanin Gwarzo da Kabo, ina ake da fili mai wannan tsawo wanda babu kowa a cikinsa? Gona na jingine da gona, ga ruga, ga yara masu kiwo, ga mata masu neman itace. Naman da ake samu kuma zomo ne da gafiya da makwarwa da zabon daji. Babu ɗayansu da ke buƙatar harbin mita ɗari uku.

Shi ya sa maharban da suka samu hali suka fi karkata ga bindiga mai baki ɗaya ko baki biyu, wadda harsashinta ƙunshi ne na ƙananan ƙwayoyin dalma da ke bazuwa, ƙarfinsu kuma ya ragu sosai bayan mita arba'in ko makamancin haka. Bindigar toka kuwa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, arha ce ke riƙe da ita. Matsalarta ita ce babu wanda ya gwada ƙarfin bututunta kafin a sayar, kuma idan ɗuri ya yi yawa, a hannun mai ita take fashewa.

Sai batun takarda, wanda bidiyo ba ya tsayawa a kansa. Dokar bindigogi ta Najeriya, ta 1959, ta kasa su gida uku. Na farko su ne haramtattu: bindigogin soja, masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne na amfanin mutum, kamar raifil ɗin farauta da mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, waɗanda lamarinsu ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Abin da zai ba matasa da yawa mamaki shi ne bindigar iska, wadda ake ɗauka kamar kayan wasa na harbin tsuntsu, tana cikin gida na biyu. Ita ma sai da lasisi.

Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai matsalar gani, ko mai taɓin hankali, ko wanda aka taɓa samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Riƙe haramtacciyar bindiga ɗaurin shekara goma ne mafi ƙaranci, ta gida na biyu kuma ba lasisi na iya kai mutum shekara biyar. A watan Agustan 2023 ma, muƙaddashin Sufeto Janar na wancan lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi saboda yawan makamai a hannun jama'a. Don haka wurin fara tambaya shi ne hedikwatar 'yan sanda ta Bompai a Kano, tun kafin a yi maganar farashi.

Wannan ƙuncin ne ya buɗe wa 'yan damfara kasuwa a waya. Tun 2016 Facebook ya hana cinikin bindiga tsakanin mutum da mutum a dandalinsa, amma ba a rasa mai turo hoto a WhatsApp ko Telegram yana cewa a tura rabin kuɗi, kaya na hanya. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne a toshe lambar mai saye bayan kuɗi ya shiga, kuma ba shi da bakin kai ƙara. Mafi muni shi ne kayan su iso. Bindigar da ba ta fito daga dillali mai rajista ba, babu wanda ya san inda ta taɓa aiki, ga hirar cinikin da shaidar tura kuɗi duk suna ajiye a wayar. A yanki irin Gwarzo, da ke iyaka da jihar Katsina inda matsalar 'yan bindiga ta daɗe, jami'in tsaro ba zai fara da tunanin zomo ba.

Ko maharban da suka gaji sana'ar ba su tsira daga wannan zargi ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a Uromi ta jihar Edo, suka ga bindigogin toka a ciki, sai gungun mutane suka kashe matafiya 16, maharba ne da ke dawowa gida Kano yin Sallah, da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure. Babu abin da ya halatta wannan kisa, har gwamnan Edo Monday Okpebholo ya zo Kano ta'aziyya. Amma ya nuna yadda ake kallon bindiga a kan hanyar Najeriya a yau, ko da kuwa ta toka ce.

A tsarin gargajiya, yaro ba ya fara farauta da bindiga. Yana bin Sarkin Baka ko wani babban maharbi, ya riƙe kare, ya ɗauki nama, ya koyi sawu da inda iska ke kaɗawa, ya san dajin da aka keɓe kamar Falgore inda ba a harbi sai da izini. Sai manya sun gamsu da natsuwarsa ake barinsa ya taɓa kunama. A wannan matakin, kuɗin da matashi ya tara ya fi amfani a kan fitilar goshi mai caji, takalmi mai kauri saboda maciji, da batirin ajiya da zai riƙe wayar har gari ya waye, don 'yan gida su riƙa ganin inda tawagar take a taswira.