Daga ina harsashin yaƙin Sudan yake fitowa?

Wata rana da daddare muna zaune wurin mai shayin bakin ƙofar makaranta, wani ɗan ajinmu ya miƙo mini wayarsa in ga bidiyon da aka ɗauko daga Al-Fashir. Ban iya kallonsa har ƙarshe ba. Da na mayar masa sai ya ce, "Wai ni garin da aka ce mutane na cin tunkuzar da ake ba dabbobi saboda yunwa, ina masu harbin nan suke samun kuɗin harsashi?" Duk muka yi shiru. Tambayar ta tsaya mini a rai, kuma ita ce ta sa na ajiye aikin furojet na kwana biyu na bi diddigin lamarin.

Da yawanmu ba mu manta farkon abin ba. Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, aka tashi da ƙarar bindiga a Khartum. 'Yan uwanmu ɗalibai da ke karatu a can, musamman a Jami'ar Afirka, sai a motocin bas aka kwashe su zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sahara kafin jirage su fara dawo da su Abuja a farkon watan Mayu. Ban da su, akwai Hausawan da suka zama 'yan ƙasa a can shekaru aru-aru, a Jazira da Sinnar da Kasala da Gadarif, har da garin Mai Wurno da ke gefen kogin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Su babu bas ɗin da ta je ɗaukarsu.

Masu faɗan su biyu ne, kuma a da abokan juna ne. Akwai sojojin gwamnati ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan, akwai kuma dakarun RSF ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti. Omar al-Bashir ne ya kafa RSF a 2013 daga mayaƙan Janjawid na Darfur. Burhan da Hemedti tare suka yi juyin mulkin Oktoba 2021, sannan suka raba gari a kan yadda za a narkar da RSF cikin soja: soja na cewa shekara 2, Hemedti na cewa 10.

A watannin farko RSF ce ta yi ta cin gari. Abin mamaki, soja ne ke da jiragen yaƙi da tankoki da manyan bindigogin atilare. Sai dai tanka a cikin lungun birni nauyi ce, jirgin sama kuma ba ya tantance gidan da mayaƙi ya shiga da na maƙwabcinsa. RSF kuwa tana da mayaƙa da aka ƙiyasta sun kai 100,000, wasunsu sun yi yaƙi a Yaman, kuma makaminsu na farko shi ne Toyota Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da aka girke wa bindiga. Da ita suka mamaye yawancin Khartum, suka ƙwace masana'antar makamai ta Yarmuk a watan Yuni 2023. Zuwa ƙarshen shekarar sun riƙe huɗu daga cikin manyan biranen jihohin Darfur biyar, wato Nyala da Zalingei da Al-Junaina da Ad-Da'in, sannan a Disamba suka shiga Wad Madani, cibiyar noman ƙasar.

To a nan ne mu 'yan sashen injiniya ya kamata mu tsaya mu yi lissafi. Mota tana shan mai, tana cin taya, tana buƙatar safaya. Bindigar da ke kanta tana cinye akwatin harsashi cikin mintuna. Daga Al-Junaina zuwa Khartum ya haura kilomita 1,000. Ganimar da aka kwasa a barikoki za ta riƙe runduna wata biyu ko uku, amma ba za ta riƙe ta shekara biyu ba. Duk wanda ya taɓa riƙe janareta a gida ya san sayensa shi ne mai sauƙi, ciyar da shi ne aiki. Kenan dole akwai bututun da ke kawo kaya daga waje.

Bututun RSF ta yamma yake shigowa. A arewa maso gabashin Chadi akwai wani ƙaramin gari mai suna Amdjarass, garin marigayi Idriss Déby, mai filin jirgin da a da ba kowa ke sauka ba. Bayan ɓarkewar yaƙi sai manyan jiragen dakon kaya suka fara zirga-zirga. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ƙirga aƙalla sawu 86 daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa zuwa wurin, a rahotonsa na Disamba 2024. Daular ta ce asibiti ta gina wa 'yan gudun hijira, kayan agaji take kaiwa. Amma kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na Janairu 2024, ya ce zargin cewa makamai ake saukewa ana tsallakawa da su Darfur zargi ne mai tushe. Har gobe Daular tana musantawa. Daga baya hanya ta biyu ta ƙara ƙarfi, ta kudancin Libiya, yankin da ke hannun Khalifa Haftar, kuma a watan Yuni 2025 RSF ta ƙwace kusurwar da Sudan da Libiya da Masar suka haɗu.

Wani zai ce, ta yaya ake sanin waye ya ba wa? Wannan shi ne sashen da ya fi burge ni. Kowane makami na masana'anta yana ɗauke da lamba, kamar lambar injin babur. Idan ƙasa za ta sayi makami, tana sa hannu a takardar alƙawarin cewa ita ce za ta yi amfani da shi, ba za ta miƙa wa wani ba sai da izinin mai sayarwa. A watan Nuwamba 2024 mayaƙan da ke goyon bayan soja suka tare wani ayarin motoci a Darfur ta Arewa, suka ɗauki bidiyon akwatunan harsasan mota (wato ƙaramar igwa mai cilla bam sama ya faɗo), lambobinsu a fili. Masu bincike suka bi lambar har Bulgeriya, ita kuma ta ce a 2019 ta sayar wa sojojin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da su. A ayarin nan kuma aka tsinci takardun wasu tsofaffin sojojin Kolombiya, sojojin haya da aka ɗauko tun daga Kudancin Amurka. Haka ƙungiyar Amnesty ta yi a 2024 da 2025: ta gano na'urar kariya ƙirar Faransa a jikin motocin sulke da aka ƙera a Daular, ta kuma gano bama-bamai masu linzami da manyan bindigogin atilare ƙirar kamfanin Norinco na ƙasar Sin a hannun RSF.

Kada wani ya ɗauka ɗaya ɓangaren da addu'a kawai yake yaƙi. Bututun soja ta gabas yake, ta tashar jiragen ruwa da filin jirgin Port Sudan a gaɓar Bahar Maliya, inda gwamnati ta koma da zama. A watan Oktoba 2023 Sudan ta maido da hulɗa da Iran bayan shekara bakwai, ba a jima ba aka fara ganin jirage marasa matuƙi ƙirar Mohajer-6. Daga baya na Turkiyya, Bayraktar TB2, suka shigo. Masar dama tsohuwar ƙawar sojan ce. A kwanakin farko na yaƙin ma RSF ta kama sojojin Masar a sansanin jiragen Merowe. Rasha ta taka rawa biyu: da farko an danganta sojojin hayar Wagner da Hemedti, daga baya Mosko ta karkata wajen Burhan, tana neman wurin ajiye jiragen ruwanta na yaƙi a Bahar Maliya.

Me jirgi marar matuƙi ya canza? Ido ne da farko, kafin ya zama makami. Yana shawagi sa'o'i a sama, yana nuna wa mai harba atilare daidai inda motoci suka taru, abin da jirgin yaƙi mai gudu ba ya iya yi. Ƙarfin RSF shi ne ta tara motoci ta afka lokaci guda, to tarin motocin ya koma abin hari. A watan Maris 2024 soja ya ƙwato gidan rediyo da talabijin na ƙasa a Omdurman. A ƙarshen Satumba ya tsallako gadojin Nilu zuwa cikin Khartum. Ranar 11 ga Janairu 2025 Wad Madani ta dawo hannunsa, ranar 21 ga Maris fadar shugaban ƙasa, kwana biyar bayan nan Burhan ya sauka a filin jirgin Khartum.

Amma a ganina masu cewa jiragen nan kaɗai suka juya yaƙin sun gajarta labari. Soja ya ɗebi dubban 'yan sa-kai, ya samu tsofaffin 'yan tawayen Darfur da ƙungiyoyin masu kishin Islama a gefensa. Sannan a watan Oktoba 2024 kwamandan RSF a Jazira, Abu Aqla Kaikal, ya sauya sheƙa da mutanensa. Jirgi yana iya tarwatsa mota, amma sai mutum ya taka da ƙafa yake riƙe unguwa. Haka kuma Khartum ta yi wa RSF nisa da bakin bututunta, ta yi wa soja kusa da nasa.

Wannan lissafin ne ya juye a Darfur. Can RSF ce a gida, soja ne baƙo. Kuma kafin nan ita ma ta samu nata jiragen masu dogon zango. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna su a filin jirgin Nyala. Ta buga tashar lantarki ta madatsar ruwan Merowe, garuruwa suka shiga duhu. Daga ranar 4 ga Mayu 2025 ta yi kwanaki tana kai hari Port Sudan kanta, har rumbunan mai suka kama da wuta, a garin da kowa ke ganin yaƙi ba zai kai ba. Cikin makon nan kotun duniya da ke Hague ta kori ƙarar da Sudan ta shigar kan Daular, ta ce ba ta da hurumi, washegari Sudan ta yanke hulɗa da ita.

Al-Fashir ce birnin ƙarshe da ya rage wa soja a Darfur, kuma tana kan tsohuwar hanyar da alhazanmu suka riƙa bi a ƙasa zuwa Makka. An yi mata ƙawanya tun watan Mayu 2024. Hanya ɗaya ta kai wa sojojin ciki harsashi ita ce a jefo musu daga sama da lema, to da RSF ta girke makaman kakkaɓo jirage sai wannan ma ta yi wuya. Masu bincike na Jami'ar Yale sun nuna ta hotunan sama yadda aka kewaye garin da ganuwar ƙasa ta gomman kilomita. Mu mun san ganuwa da hana maƙiyi shiga gari. Wannan hana mutanen gari fita aka yi ta. Tun a Agusta 2024 aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam da ke kusa, a Afrilu 2025 RSF ta afka masa. Ranar 26 ga Oktoba 2025 hedikwatar runduna ta 6 ta faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kashe mutum sama da 460 a asibitin haihuwa guda ɗaya. Irin bidiyon da abokina ya nuna mini kenan.

Saura tambayarsa ta kuɗi. Amsar a taƙaice zinare ne. Sudan na cikin manyan masu haƙo shi a Afirka, iyalan Hemedti sun daɗe da hannu a ma'adinan Darfur irin su Jabal Amir, soja kuma na riƙe da na arewa da gabas. Wani abin ɗaure kai, a shekarun farko na yaƙin mafi yawan zinaren da gwamnatin Port Sudan ta fitar a hukumance ma kasuwar Dubai ya tafi, ƙasar da take zargi da ba abokan gabarta makamai.

Takunkumin makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya yana nan tun 2004 da 2005, sai dai Darfur kaɗai ya shafa, ba dukkan Sudan ba, kuma ko a Darfur ɗin ba mai tsaron ƙofa. Amurka ta sa wa Hemedti takunkumi a Janairu 2025 tana cewa dakarunsa sun aikata kisan ƙare-dangi, bayan kwana tara ta sa wa Burhan nasa, daga baya ta zargi soja da amfani da makami mai guba, zargin da ya musanta. A Satumba 2025 ƙasashe huɗu suka kawo tayin tsagaita wuta na wata uku: Amurka da Saudiyya da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ku sake duba sunaye biyun ƙarshe.

Mutum sama da miliyan 11 sun bar gidajensu. Yanzu faɗan ya tattaru a Kordofan, yankin da ke tsakanin Darfur da Nilu, inda bututun yamma da na gabas suke kusan daidai tsawo. Idan kuna bin labarai a rediyo, sunan da za ku kasa kunne a kai shi ne Al-Ubayyid, domin ta nan babbar hanyar kwalta daga Khartum zuwa yamma ta ratsa.