Horar da Masu Shirya Finafinan Hausa: Amanar Labari da Haƙƙin Mutanen Karkara

A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta sanar cewa za ta gina ƙauyen shirya finafinai a garin Ƙofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji ta Jihar Kano, a kan kuɗi naira biliyan 3. Cikin abubuwan da aka tsara har da wurin horar da masu sana'ar. Malamai da dama suka yi wa shirin ca a kan mumbari da gidajen rediyo, suna tsoron kada wurin ya zama matattarar baɗala, kuma ba a daɗe ba aka janye shi. Tsoron nasu yana da tushe, domin abin da ya faru a 2007, lokacin da wani faifan batsa na wata 'yar fim ya bazu a wayoyin jama'a, bai gushe daga zukata ba. Sai dai janyewar ba ta tsayar da shirya finafinai ba. Damar koyar da masu yin su ce kurum ta kuɓuce.

Tun fitowar Turmin Danya a 1990, hanyar da hukuma ta fi dogara da ita wajen gyara wannan sana'a ita ce hani da tacewa. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 ta kafa hukumar tace finafinai. Tacewa kuwa aiki ne da ke zuwa bayan an rubuta labari, an ɗauka, an kashe kuɗi. Mai tacewa yana iya yanke rawa ko shigar da ba ta dace ba, amma ba shi da ikon sake gina labarin da aka ɗora bisa raina talaka tun daga tushe. Ƙari a kan haka, zamanin kaset da faifai ya wuce. A watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 saboda ana sakin su ba tare da an miƙa mata ta duba ba. Idan haka ta faru da manyan kamfanoni a cikin birnin Kano, ina ga matashin da ke Gazara ko Hunƙuyi ko Ikara, wanda wayar hannu da tashar YouTube suka ishe shi ya zama marubuci da mai ɗaukar hoto da ɗan kasuwa a lokaci guda? Babu wani mai tacewa da zai ga aikinsa kafin jama'a su gani. Abin da ya koya kafin ya kunna kyamara shi kaɗai ne zai bi shi har wurin ɗaukar.

Masu ba da labari a idon magabata

Matsalar ba sabuwa ba ce. Tun ƙarnonin farko na Musulunci akwai masu ba da ƙissa a masallatai da kasuwanni, waɗanda jama'a ke yi wa cincirindo fiye da yadda suke zuwa majalisin malaman fiƙihu, kuma da yawansu sun riƙa cusa ƙagaggun hadisai don su sa masu sauraro kuka ko mamaki. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a shekara ta 597 bayan Hijira, ya rubuta Kitabul Ƙussas wal Muzakkirin a kansu. Abin lura shi ne bai haramta sana'ar ba. Ya kafa mata sharuɗɗa ne, waɗanda jigonsu shi ne mai ƙissa ya zama yana da ilmin abin da yake faɗa, yana iya bambance ingantacce da ƙagagge, yana kuma da tsoron Allah.

Ƙagaggen labari shi kansa malamai ba su ɗauke shi ƙarya ba matuƙar mai sauraro ya san ƙagagge ne. Shaida ita ce Muƙamatul Hariri, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ilmi na ƙasar Hausa, alhali jaruminsa Abu Zaid ɗan yaudara ne mai sauya kama a kowace ƙissa. Haɗarin yana farawa a inda fim ya ɗauki rigar gaskiya: a sa wa ɗan wasa rawani ya yanke hukuncin saki ko gado bisa kuskure, ko ya jingina wa Annabi (SAW) maganar da marubuci ya tsinta a bakin hanya. Mai kallo a ƙauye yana iya ɗaukar wannan a matsayin fatawa. Don haka darasin farko a horar da marubucin fim shi ne ya san inda iyakar ƙirƙirarsa ta tsaya, ya kai wa masani abin da ya wuce ta.

Wa ake nunawa, kuma ta yaya?

A nan ne yankin Makarfi da Kudan da Ikara ya fi shiga maganar. Mutanen wannan yanki manoma ne na rake da tumatir da masara, masu matse rake su dafa mazarƙwaila su kai ta kasuwanni masu nisa. Suna cikin masu kallon finafinan Hausa, amma idan irinsu ya bayyana a allo, galibi baƙauye ne mai yagaggiyar taguwa da ya shigo birni ya kasa tsallaka titi. Bafulatani a mayar da shi wawa, Bamaguje a haɗa shi da tulun burkutu, gurgu da makaho da bebe a ajiye su a bakin hanya da ƙoƙon bara ko a sa su don a yi dariya. Wannan salo ya yi yawa a finafinan camama har ya zama kamar ba laifi ba ne.

Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma hana jifan juna da miyagun laƙubba, kuma hanin bai keɓe wasan kwaikwayo ba. Malaman hadisi sun san manyan maruwaita da laƙabin tawayarsu, kamar Al-A'amash da Al-A'araj, amma Imam Nawawi ya bayyana cewa an halatta hakan ne don a gane mutum, ba da nufin tauye shi ba. Wannan bambanci shi ne ainihin abin da mai ba da umarni yake bukatar ya iya: nakasa tana iya bayyana a fim a matsayin halin da mutum yake ciki, ba tare da an mayar da ita abin dariya ba. Tarihi ma ya ba shi misalai. Abdullahi ɗan Ummu Maktum (RA), makahon da farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa, ladan ne a Madina, kuma an sha barin sa ya ja wa mutane salla idan an fita yaƙi. Aɗa'u ɗan Abu Rabah, baƙar fata mai tawaya a jiki, shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa. Fim ɗin Hausa da zai nuna makaho yana koyarwa a zaure, ko gurguwa tana da shagon ɗinki, bai ari komai daga Turai ba.

Yadda ake koyar da wannan kuwa, ƙasar Zazzau tana da nata tarihin. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, a zamanin Michael Etherton da abokan aikinsa, ya fara fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka: Soba a 1977, sannan Maska da Bomo. Ɗalibai su zauna da manoma, su saurari kokensu game da taki da gona da masu sayen amfanin gona, su gina wasa a kai, su nuna a dandali, a tattauna. Daga baya malaman da kansu suka gane cewa yi wa mutane wasa bai kai yin wasa tare da su ba, suka sauya tsarin. Wannan hanya ba ta bukatar naira biliyan 3. Marubucin da ya kwana bakwai a Gazara lokacin matsar rake zai fito da labarin manomin da bashin dillali ya ci amfanin gonarsa tun kafin ya nuna, kuma da wuya ya sake rubuta baƙauyen da ya saba.

Na'ura da amanarta

Horon fasaha yakan tsaya a kan haske da sauti da haɗa hoto, kuma ana bukatarsu. Amma kowace na'ura tana da hukuncin da ke tafe da ita. Jirgi maras matuƙi mai ɗaukar hoto da aka tayar a kan ƙauye yana leƙa tsakar gidajen da katanga ta suturta, kuma aya ta 12 ta surar da aka ambata ta hana bin diddigin sirrin mutane. Ɗaukar almajiri ko maras lafiya a saka a intanet ba da yardarsa ko yardar waliyyinsa ba cin haƙƙi ne, ko da an yi da niyyar nema masa taimako. Ƙirƙirarriyar basira kuma ta zo da abin da ya fi waɗannan: ana iya kwaikwayon muryar malami ko sarki a sa shi faɗin abin da bai faɗa ba, ta yadda sharaɗin nan na mai sauraro ya san ƙagagge ne ya rushe gaba ɗaya. A ɗaya ɓangaren, fasahar ce ta sauƙaƙa rubuta zancen 'yan wasa da Hausa a ƙasan allo, ko sanya mai fassara da maganar hannu a gefe, don kurame su bi labarin. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta sa wannan ya wuce batun alfarma.

Cibiyar koyar da aikin fim ta ƙasa tana Jos, kuma jami'o'in Zariya da Kano suna da sassan da ke koyar da wasan kwaikwayo. Sai dai karatun da Turanci ake yin sa, ana kuma neman takardun shiga, alhali akasarin masu sana'ar sun koye ta ne ta hanyar bin ubangida, daga riƙe fitila zuwa riƙe kyamara. Horon da zai isa gare su sai ya zama da Hausa, na 'yan kwanaki, a kusa da inda suke aiki, kuma a ɗaki guda a sami mai koyar da kyamara da malamin fiƙihu da wakilin masu bukata ta musamman, ana karanta rubutaccen labari shafi bayan shafi tun kafin a fita ɗauka.